Ranar da Inna Ta Juya Ni

A ajinmu na manya masu koyon Turanci a unguwar Wangsa Maju, a ƙasar waje, malama ta ce "flip" na nufin juya gurasar roti, juya shafi, har kifewar mota. Ni juyi ɗaya na sani.

Ina shekara shida ƙwallon dabino ya maƙale mini a wuya, numfashina ya ɗauke. Inna ta yar da muciya, ta cafki ƙafafuna, ta juya ni kai ƙasa. Ta dinga kirɓa mini dundu, goshina na bugun turmi har ya fashe.

"Wallahi kika mutu sai na kashe ki, 'yar banza!"

Ƙwallon ya faɗo cikin toka. Ta ƙara mini da mari.

Tabon na nan. Har yau ba wanda ya so ni da ƙarfi haka.