Tabon Dunduniyar Amaryar Fim

Ina da shekara tara ranar da aka rufe makarantarmu a unguwar Bronx, Mama ta rasa inda za ta bar ni. Dole ta tafi da ni unguwar Manhattan, gidan tsohuwar da take yi wa aikin jinya, alhali an hana zuwa da yara.

"Zauna a kicin, ko tari kada ki yi," in ji Mama. "Idan 'yarta ta gan ki, na rasa aikina."

Da la'asar 'yar ta shigo kicin ba takalmi, tana neman ruwa. Ai na san fuskar nan! Jarumar finafinan soyayya da barkwanci ce, wadda nake kallo duk Asabar.

"Ke ce amaryar da ta bi bas da gudu!" na ƙwalla da Turanci.

Mama ta shigo a firgice.

Matar kuwa ta tuntsire da dariya, ta ɗaga dunduniya ta nuna mini wani farin tabo. Ta ce sai da aka yi ta maimaita gudun nan wajen ɗaukar fim ɗin har takalmi ya yanke ta, angon kuma warin albasa yake yi. Ta bar ni na taɓa tabon. Har yau in na tuna sai na yi murmushi ni kaɗai. Ta ce wa Mama ta riƙa zuwa da ni.

A jirgin ƙasan komawa gida, Mama, wadda kullum take cewa finafinan nan shirme ne, ta bari muka wuce tasha uku. Sannan ta matso kusa da kunnena.

"Wai a ƙarshe ta kama bas ɗin?"