Aron Yara Arba'in

Tun ƙarfe takwas Ma Kou take tsaye a ƙofar makaranta, idonta a kan hanyar Ganta. Yau Laraba mai ƙirga ɗalibai zai zo daga ofishin ilimi na gunduma, umarnin da aka ba shi kuwa guda ne: duk makarantar da yaranta ba su kai ɗari ba, a rufe ta a haɗe ta da ta kusa.

Nata sittin da uku ne. Shekara ashirin da biyu tana shugabancin makarantar nan, da kanta ta ɗauki bulon ginin ajin farko. Amma mutane sun watse, wasu gonar roba, wasu birni, kowa ya ja 'ya'yansa.

Shi ya sa ranar Lahadi ta haye rafi wajen ƙanwarta Yei, shugabar makarantar tsallake, mai yara ɗari da ashirin da ɗaya.

"Arba'in kawai za ki ara mini, wuni ɗaya. Ke ai sai Juma'a za a zo miki."

"Yaya, kin taɓa jin an ari ɗalibai kamar turmi? In aka gane fa?"

"Wa zai gane? Ni na goya ki, Yei. Yau za ki zuba ido a rufe ni?"

Da safiyar Laraba sai ga yara arba'in sun hayo a kwalekwale, aka raba su aji-aji, aka ja musu kunne kada wanda ya buɗe baki.

Tara ta wuce, goma ta wuce, shiru. Ga ruwa an kwana biyu ana tafkawa, waya ba ta shiga. Ma Kou ta kasa zaune ta kasa tsaye, ko sakwarar rogon da aka kawo mata ba ta taɓa ba.

Sai bayan sha biyu mutumin ya ɓullo ta bayan makaranta, a ƙasa, wandonsa jiƙe har gwiwa. Mista Gonleh ne, mutum marar fara'a. Ko ruwa bai sha ba ya shiga aji ya fara ƙirga kawuna. A aji huɗu ya tsaya kan wata yarinya daga cikin na aro, ya ƙura mata ido. Ma Kou ta ɗauka ya gane ta. Ashe alƙalaminsa ne ya ƙi rubutu, ya karkaɗa shi ya wuce.

"Ɗari da uku. Kin sha, Malama, amma da ƙyar."

Wayyo daɗi! Saura kaɗan ta durƙusa masa. Tana ta jera godiya shi kuwa yana haɗa takardunsa.

"Ki nemi ƙarin benci, ranar Litinin yara tamanin da ɗaya za su dawo wajenki. Gadar babbar hanya ta karye, sai na zagayo ta tsallake, na ce bari in gama da makarantar can tunda na biyo. Na riga na sa hannu, an rufe."

Ma Kou ta ce, "Shugabar... ba ta ce komai ba?"

"Sau uku ina tambayarta ina sauran yaranta, ta dube ni ta ce iyakarsu ke nan."