Tallan Gyaɗa

Da fuskar wani saurayin garin ta fito a farin ƙyallen da masu silima suka ɗaura a bakin kasuwa, Madarumfa duka ta ɗauki sowa. Tallan gyaɗa ne. Bara Nasara suka ɗora shi bisa keke, suka ce ya yi dariya ya nufi hanyar Maraɗi. Da suka gama ɗaukar hoto suka karɓe abinsu.

"Ƙarya ce!" in ji wata tsohuwa. "Wace gyaɗa ta taɓa saya wa talaka keke?"

Abokinsa ya zungure shi. "Kai, ashe ka tafi ba sallama?"

Shi kuwa ya kafe ƙyallen da ido. Da safe ma mahaifinsa ya maimaita masa: shi kaɗai ne namiji, gona na jira, ba inda za shi. Yanzu ga shi a ƙyalle, gari na ƙanƙancewa a bayansa. Har ƙafarsa ta soma motsi.

"A sake! A sake!" jama'a suka yi ihu.

Mai injin silima ya juya zaren hoton baya. Keken ya dawo da shi da baya-baya, yana dariya, har gari ya haɗiye shi.