Safar Ɗan Fari

Masu cewa abin da ke zuci ba sai an faɗa ba, ga misali, ku auna da kanku.

An yi wata mata a wani ƙauyen masu haƙar kuza a tudun Jos, inda sanyin damina ke ratsa ƙashi. Irin matan nan ce masu riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta kama sunan ɗanta, ba ta haɗa ido da shi, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon murhu. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ganin ƙannensa a cinyar uwar, shi ko kansa ba ta taɓa shafawa ba. Da ya girma ya shiga wankin kuza, wuni yake tsaye cikin ruwa, dugadugansa suka yi faso har da jini. Ita kuwa ta lura, don uwa ko ba ta kalla ba tana gani. Ta iya saƙa tun tana budurwa, aure ya sa ta ajiye, ba wanda ya sani a gidan. Sai ta sayo tsohuwar rigar sanyi a gwanjo, ta warware, ta wanke ulun ta naɗe. Saura awo. To, da wane baki za ta ce wa ɗan fari miƙo ƙafarka? Ta jira aka yi ruwa, ya shigo gaisuwa ya fita, ta tsuguna kan sawunsa a taɓo ta gwada da tsinken tsintsiya, ta karya daidai tsawon. Ta kulle ɗaki ta saƙa safa mai kauri, ta ninka zare a dunduniya saboda fason. Ta kai wa maƙwabciyarta Tasalla, ta ce ta ba shi a kan ita Tasalla ce ta saƙa, ta kuma sa ta rantse. Tasalla ta ce wannan wauta ce, ita da ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa ba, amma ta karɓa.

Haka aka yi ta yi, kowace damina da sabuwar safa. Faso ya warke, yaro ya mayar da Tasalla uwa. In Sallah ta zo, turmin atamfa na Tasalla ne, da hannunsa yake kai mata. Na uwarsa kuwa matarsa yake aikowa da shi, don fita hakki. Ta bayan katanga take jin shi yana hira yana ƙyalƙyala dariya a ɗakin Tasalla, dariyar da ba ta taɓa ji a nata ɗakin ba. Tasalla ta sha kawo mata atamfar tana faɗa, ta ce ta gaji da cin gumin wata, a gaya wa yaron nan gaskiya tun ana da rai. Uwar kuwa kullum amsarta ɗaya: mutane su ce me? Bari dai wannan daminar ta wuce.

Damina ba ta jira ba. Farkon ruwan wata shekara zazzaɓi ya kwantar da Tasalla, bai tashe ta ba. Yaron shi ya kama makara, a wurin zaman makoki kuma ya ce yau ya zama maraya, uwarsa na bayan zana tana ji. Safar shekarar kuwa an riga an gama ta, ga ta ƙarƙashin matashi, babu ɗan aike. Da aka share makoki ya shigo gaishe ta, idonsa ya faɗa kan bakin safar da ya leƙo. Ya jawo, ya shafa dunduniyar nan mai ninki, ya gane saƙar. Yana durƙushe ya ce, "Inna, Gwaggo Tasalla ce ta bar mini wannan kafin ta cika?"

Kwandon saƙa na bayanta, da allurai, da tsinken awon a ciki. Hannu kawai za ta miƙa. Ta buɗe baki za ta faɗa masa, ga shi yau ya ɗago kai yana duban fuskarta. Sai ta juya wajen murhu.

"Ita ce," in ji ta. "Ta ce a ba ka."

Ya rungume safar, ya yi wa Tasalla addu'a mai tsawo, ya ce wannan kam ba zai sa ba, adana ta zai yi. Sai da ya fita ta gane abin da ta yi: ta binne hannuwanta tare da Tasalla, don matacce ba ya saƙa. Ko ta jikoki ba ta da halin yi, zai gane zaren. Tsofaffin safar suka huje ɗaya bayan ɗaya, faso ya dawo, tana ganin jan jini a sawunsa bakin ƙofarta, ga ulu cike da kwando. Har ta koma ga Allah yana cewa uwarsa mutuniyar kirki ce, sai dai ba ta da sakin fuska gare shi. Matan da suka share ɗakinta suka tsinci guntun tsinke a kwando, suka haɗa da shara.

Kunya ado ce, ban musa ba, amma wadda ta hana ɗa sanin hannun da ya rufa masa ƙafa ta zama cuta. Shi ya ƙare yana yunwar uwa alhali a kanta yake takawa. Dama Hausawa sun faɗa: rashin sani, kaza ta kwana kan dami.