Ƙaron Tawadar Gwaggo

Shekarar da fara ta cinye hatsin Damargu, ina yarinya a Falanko, ina karatun allo wurin Gwaggo, yayar babana. Ita ke haɗa mana tawada da baƙin tukunya da ƙaro.

Wata la'asar ta damƙa mini dunƙulen ƙaro, ja kamar zuma, ta ce, "Riƙe mini, na tawada ne." Ta shige ɗaki kankaro baƙin tukunya. Tun safe ban sa komai a bakina ba, ƙaro kuwa mu yara tsotsarsa muke yi. Na dunƙule hannu, yawu na taruwa a bakina, har zufa ta sa ya manne a tafina.

Da ta fito, sai ta buɗe yatsuna, ta dube ni.

"Ɗiyata, ba ki jin yunwa?"

"Ina ji, Gwaggo."

"To me ya hana ki faɗa?"

Ta fasa shi da dutse, ta miƙo mini babban ɓarin. "Abin da aka ba ki ajiya, ki riƙe. In kin matsu kuma, ki buɗe baki ki tambaya. Duka biyun karatu ne."

Tawadar ranar ta yi ruwa-ruwa, da ƙyar muke ganin baƙaƙen a allo.

Yau na tsufa, maƙwabta wurina suke kawo ajiya. Tambayar ce har yanzu nake koyo, kuma babu Gwaggo da za ta buɗe mini yatsu.