Ƙafar da Uba da 'Ya Suka Yi Wa Gardama

"Dubi jan harshenta! Zafi ne da danshi, ƙafar nan da ranta," in ji tsohon mai maganin gargajiya, yatsunsa uku a wuyan hannun matarsa, yana jin bugun jininta.

'Yarsu likita ta ce, "Haba Baba, ciwon sukari ne fa. Na ɗebi tsokar gyambon ƙafarta na kai gwaji. In ta ruɓe, sai a yanke ƙafar."

Tsohuwa ita kaɗai ta san jar alewar da ta tsotsa a ɓoye ce ta rina harshen.

Sakamako ya fito, tsoka da ranta. Tsoho ya cika unguwarsu ta birnin Chengdu da baki. Yana ɗura mata ruwan saiwa mai ɗaci, 'yar tana wanke gyambo, har rani ya wuce, fata ta haɗe.

"Saiwata ce!"

"Wankina ne, Baba!"

Tsohuwa ta zura jan takalminta, ta miƙe a kan ƙafa biyu.

"Ku ci gaba, manyan likitoci. Ni ƙawayena na jirana a dandalin rawa."

Ta fice, ta banko ƙofa garam.