Ƙwaryar Safiyatu a Cikin Gilashi

Muntaka, mai kula da ɗakin kayan tarihi na fadar Lamiɗo, yana goge tsofaffin takubba sai Safiyatu ta yi sallama. Ba ta ko kalli takubban ba. Ta wuce ta ƙarƙashin hoton Shugaba Ahijo, ta tsaya gaban akwatin gilashi.

Ƙwaryarta ce a ciki, wadda ta zana da wuƙa mai zafi, ta aiko masa da fura a cikinta wata biyu da suka wuce. Yanzu ga ta da lamba, da 'yar takarda mai rubutu da Faransanci.

"Baƙi daga Yawunde sun ce duk Garwa babu irinta," in ji shi, yana murmushi.

"Malam Muntaka, a gidanku in an aiko da ƙwarya, kulle ta ake yi?"

Murmushin ya ɗauke. Sai yanzu ya tuna: ƙwarya komawa take yi, kuma abin da aka sa a cikinta shi ne amsa.

"Inna ta ce tunda ba ta dawo ba, ba ka so. Na ce sai na gani da idona."

Ya lalubo makulli, ya buɗe akwatin, ya fito da ita ya miƙa mata. "Na ɗauka girmama ta na yi."

Ta leƙa ciki, wayam. Ta mayar da hannunta cikin mayafi.

"Haka zan kai ta gida? Cika ta da goro, ka ba kawunka. Baba yana nan ranar Juma'a."

Tun kafin azahar Muntaka ya kulle ɗakin, ya nufi kasuwa da ƙwaryar a hammata.